Ba Kowace Mugunya A Takardar Gwajin Maniyyi Ce Cuta Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a shafin wasiƙu in taɓo wata magana da maza ke jin nauyin yi a bainar jama'a, amma suke zubar da kuɗi a kanta a ɓoye. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a nan Kano, furfura ta same ni a gaban maikuroskof, kuma cikin abubuwan da ake kawowa teburina akwai maniyyin magidantan da haihuwa ta yi wa jinkiri. Masu karatu su yi mini afuwa, wannan bayani ba ya yiwuwa sai an kira wasu abubuwa da sunansu.

A takardar sakamakon da muke bayarwa akwai wani ɗan layi can wajen ƙasa inda ake rubuta yawan ƙwayoyin mugunya, abin da jama'a suka fi sani da fos sel. Duk takardar babu layin da ya kai shi tayar da hankali. Mutum zai tsallake adadin ƙwayoyin haihuwarsa, ya tsallake motsinsu da siffarsu, alhali su aka aiko shi a duba, idonsa ya sauka a kan “2–3” a gaban fos sel, sai ka ga fuskarsa ta canza. Kafin ya koma wurin likitan da ya turo shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci: sanyi ne ya kama shi, shi ya tsinka masa maniyyi. Daga nan sai kemis, in kuwa an yi rashin sa'a sai motar mai magani da ke tsaye bakin tasha da lasifika. To, abin da nake so 'yan'uwana maza su ji shi ne, wannan layin shi kaɗai bai isa ya ce kana da cuta ba, bai isa ya ce shi ya hana ka haihuwa ba, kuma sau da yawa abin da aka ƙirga aka rubuta a wurin ba ma mugunya ba ce.

Abin da ake kira ƙwayoyin mugunya fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda Allah Ya sanya a jikin kowa don su yaƙi ƙwayoyin cuta, su kuma kwashe abin da ya mutu ko ya lalace. Da wuya a duba maniyyin namiji da kyau a rasa su, ko da mai 'ya'ya goma sha ne. Suna shigowa ta hanyar da ƙwayoyin haihuwa ke bi, musamman wani siririn bututu da ya nannaɗe a bayan kowane ɗan marena, wanda in da za a warware shi tsawonsa zai kai kamar mita 6, kuma a cikinsa ƙwayoyin haihuwa ke zama su ƙarasa nuna. Wasu kuma daga furostet suke fitowa, ƙululun nan da ke gindin mafitsara. Iri-iri ne. Fiye da rabinsu masu saurin kai ɗauki ne da muke kira giranulosait, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari manya ne masu haɗiye datti, wato makurofej, sai 'yan kaɗan limfosait. Matuƙar ba su yi yawa ba aikinsu suke yi, har akwai masanan da ke ganin suna taimakawa wajen tsince nakasassun ƙwayoyin haihuwa kafin su fito.

Yaushe ake cewa sun yi yawa? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin jagora na gwajin maniyyi, ta fara fitar da shi a 1980, bugu na shida ya fito a 2021, kuma shi ya kamata kowane ɗakin gwaji ya bi. Iyakar da ake amfani da ita ita ce miliyan 1 a cikin mililita guda na maniyyi. Miliyan, Malam Edita. Idan an shimfiɗa ɗigon a kan gilashi yadda ya kamata, wannan ya yi daidai da kusan ƙwaya 4 zuwa 5 a kowane fili da ido ke gani ta maikuroskof. Ke nan mai “1–2” ko “2–3” bai ma kai bakin iyakar ba, amma shi ne za ka tarar ya sha kwalin antibayotik uku kafin wata ya mutu.

Ga kuma wani abin da ya fi wannan damuna, don ya shafi sana'ata kai tsaye. Ƙwayar haihuwa ba da kai da wutsiya take farawa ba. A dunƙule take, zagayayya, sai ta yi ta sauya kama a cikin ɗan marena har ta fitar da wutsiyar da za ta yi iyo da ita. Wani lokaci waɗannan ɗanyun ƙwayoyi suna zubowa cikin maniyyi tun ba su ƙarasa ba, musamman bayan zazzaɓi mai zafi ko wani abin da ya taɓa marena. A ɗigon da ba a sa wa rini ba, su da fararen ƙwayoyin jini kamarsu ɗaya, ko ƙwararre ba zai rantse ya ce wannan ce wannan ba. Abin da gaskiya ta yarda a rubuta a nan shi ne “zagayayyun ƙwayoyi”, sannan idan sun yi yawa a yi gwaji na biyu da ake kira feroksides. Ana haɗa ɗan maniyyin da wani sinadari a bar shi kamar rabin awa, sai giranulosait su rine su koma ruwan ƙasa, ɗanyun ƙwayoyin haihuwa kuwa su tsaya ba launi. A nan ne ake ƙirga na gaske. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka da takwararta ta likitocin haihuwa, a jagorar da suka fitar tare a 2020, abin da suka ce ke nan: zagayayyun ƙwayoyi in sun wuce miliyan 1 a fara bambance su tukuna. Amma a ɗakunan gwaji da yawa a garuruwanmu, duk abin da ya zagaye sunansa fos sel, a rubuta a buga hatimi. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda nasa fararen ƙwayoyin jini ne ana neman kumburi ko cuta a hanyar maniyyinsa. Wanda nasa ɗanyun ƙwayoyin haihuwa ne, marenansa za a duba, antibayotik ba shi da abin da zai yi masa ko da ya sha buhu.

Kada a ɗauka ina cewa fararen ƙwayoyin nan ba sa ɓarna. Suna yi, in sun taru da yawa kuma wani abu ya tunzura su. Makaminsu wasu sinadarai ne masu ƙuna da suke haɗawa daga iskar oksijin, ɗaya daga ciki haidurojin feroksaid ne, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Suna fesa shi don su kashe ƙwayar cuta, to amma kamar an harba barkonon tsohuwa ne a tsakiyar kasuwa don a kama ɓarawo ɗaya, hayaƙin bai san ɓarawo ba bai san mai tumatir ba. Ƙwayar haihuwa kuwa ita ce mafi rauni a wurin. Fatarta cike take da wani irin kitse mai saurin lalacewa, sannan a wajen nunarta ta zubar da kusan duk ruwan cikinta, inda sauran ƙwayoyin jiki ke ajiye abubuwan kare kansu. Da ƙunar ta taɓa ta sai wutsiya ta yi sanyi, motsi ya ragu, ikon huda ƙwan mace ya yi ƙasa, har DNA ɗin da take ɗauke da shi a ka, wato sinadarin gadon halitta da uba ke ba ɗansa, yana iya tsittsinkewa. Bincike ya danganta irin wannan tsinkewa da yawan ɓari, abin da a gidajenmu ake ɗora wa mace ita kaɗai. Ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1943 wani masani a New York, John MacLeod, ya lura cewa oksijin mai yawa yana tsayar da motsin ƙwayoyin haihuwa, kuma in an sa sinadarin da ke kashe kaifin feroksaid sai motsin ya ɗore. A shekarun 1980 John Aitken da abokan aikinsa a Edinbara suka faɗaɗa binciken.

Sai dai jiki bai bar abin haka ba. Shi kansa ruwan maniyyi yana ɗauke da abubuwan kashe wannan ƙuna, har da bitamin C mai yawa, shi ya sa za ka ga mutum adadinsa ya haura iyaka amma matarsa na goyo. Wani kuma a sake gwada shi bayan 'yan makonni a tarar sun ragu da kansu ba tare da ya sha komai ba. Har yanzu masana na ja-in-ja kan ko iyakar miliyan ɗin ta yi sama ko ta yi ƙasa, kuma binciken da aka tattara a kan antibayotik ya nuna yana iya gyara wasu lambobin takarda, amma bai nuna a fili cewa yana ƙara samun ciki ba in babu wata cuta da aka tabbatar. Don haka likitan kirki ba lambar yake yi wa magani ba, dalilinta yake nema.

Dalilan suna da dama. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, ciwon sanyi na gaske mai fitar da mugunya da zafin fitsari, da kuma kilamidiya, wadda ta fi shi sharri don takan zauna shiru ba alama, a namiji da mace, tana toshe hanyoyi a hankali. Akwai kumburin furostet da kumburin bututun nan na bayan marena. Akwai kuma waɗanda babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsu: shan taba, kumburin jijiyoyin jinin marena wanda ya fi yawa a ɓangaren hagu, da daɗewa ba a fitar da maniyyi ba. Maza da yawa masu adadin da ya haura iyaka, in an bincika ba a samun wata ƙwayar cuta a tare da su.

Amma akwai dalili ɗaya da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kansa ba, mu kuwa a ƙofar gidanmu yake: tsargiya. Duk wanda ya tashi a yankin Kura da Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ban ruwan shinkafa tun shekarun 1970, ko wajen Bakolori da Goronyo, ko kowane gari mai kududdufin da yara ke wanka, ya san fitsarin jini. A wasu ƙauyuka ma ɗauka ake alamar balaga ce ga yaro namiji. Tsutsar tana fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fata, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙwan ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba, yana shiga furostet da jakunkunan da ke haɗa ruwan maniyyi, jiki kuma ya turo fararen ƙwayoyin jini su yi ta fama da shi. Binciken da aka yi a Madagaska ya sami ƙwan tsutsar a maniyyin maza masu cutar, tare da ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini, kuma abin ya ragu bayan sun sha magani. Ni ma na taɓa gani da idona. Wani manomin rani ne, mutum mai kunya, ya zo da leda cike da kwalayen magungunan da ya sha, ya ce maniyyinsa yakan fito da ɗan jini-jini wani lokaci kuma da zafi. Ina leƙawa sai ga ƙwan a kwance cikin ɗigon, dogo da 'yar ƙayarsa a ƙarshe, wanda duk ɗalibin lab ya san shi. Na rubuta, na ce ya kai wa likitansa. Maganin tsargiya, firazikwantel, a rana ɗaya ake shan sa gwargwadon nauyin mutum, kuma shi ne ake raba wa 'yan makaranta kyauta a wasu jihohi. Babu ɗaya daga cikin kwalayen da ke ledarsa da ke taɓa tsutsa. Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, don haka ina ganin duk namijin da ya zo da matsalar haihuwa daga yankin noman rani ko kamun kifi, ya dace a tambaye shi ko ya taɓa fitsarin jini a yarinta, a kuma duba fitsarinsa. Tambaya ce da ba ta cin ko sisi.

Yanzu bari in zo kan ƙwayar cutar nan da ake kira sitaf, don in ban faɗa ba zuciyata ba za ta huta ba. Idan mutum ya ga fos sel sai a ce ya yi kalca, wato a shuka maniyyin a faranti a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro. Bayan kwana biyu ko uku sakamako ya fito: sitaf. Shi ke nan an ba shi sunan da zai yi ta yawo da shi, kuma masu talla a rediyo da bakin tasha sun riga sun koya masa cewa sitaf ne ke kawo rashin haihuwa, da ciwon baya, da kankancewar gaba, da motsi a jiki kamar tsutsa. Gaskiyar magana, dangin sitaf a fatar kowa suke zaune, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da nau'in da aka fi jin tsoro a hancinsa lafiya lau. Maniyyi kuwa ta fata yake bi ya fito, da hannu ake tarar sa. In ba a wanke hannu da gaba ba, ba a fara yin fitsari ba, ko robar ba mai tsabta ba ce, me zai hana sitaf tsirowa? Abin takaicin, waɗanda suka fi ɓarna su ne ba sa fitowa a irin wannan farantin. Kilamidiya ba ta tsirowa a kansa sam, sai an yi gwaji na musamman mai neman DNA ɗinta a fitsari. Ƙwayar ciwon sanyi kuma tana son faranti nata daban, tana kuma saurin mutuwa a hanya. Ka ga an kama wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin yana nan yana aikinsa.

Sai a shiga shan magani. Antibayotik irin su sifro da doksi, sannan allurar jenta safe da yamma a bayan kantin kemis, wadda in ta yi yawa tana taɓa ƙoda da ji. Ƙwayar ciwon sanyi a sassa da yawa na duniya ta daina jin sifro, kuma irin wannan shan barkatai ne ya kai mu nan. Mafi muni shi ne allurar testostiron, wato sinadarin mazakuta da marena ke samarwa, da ake yi wa maza da sunan ƙarin ƙarfi. Idan aka zuba wannan sinadari daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aika wa marena saƙon aiki, samar da ƙwayoyin haihuwa ya ragu, wani ma ya tsaya cak na tsawon watanni. Har gwada shi an yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Mutum yana neman ɗa, yana biyan kuɗi ana rufe masa ƙofa.

Tushen ruɗanin shi ne mun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: ƙarfin namiji a shimfiɗa da ikonsa na ba da ciki. Mutum yana iya zama ba shi da matsala ko kaɗan wajen iyalinsa amma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa, don ƙwayoyin ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ke fita, mafi yawansa ruwa ne daga jakunkunan nan da furostet. Kauri ma ba ma'auni ba ne. Lafiyayyen maniyyi da kauri yake fita, sannan ya tsinke da kansa cikin minti 15 zuwa 30, haka aka halicce shi don ƙwayoyin su sami damar iyo. Mu a lab wanda ya ƙi tsinkewa bayan awa guda shi ke sa mu rubuta tsokaci. Amma “tsinkewar maniyyi” ta zama jarin masu lasifika.

Ga wanda aka tura gwajin, yadda aka kawo samfurin rabin sakamako ne. A ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kada a gaza kada a wuce. Wasu sukan yi wata guda suna “tarawa” don adadi ya yi kyau, sai su kawo mana tsofaffin ƙwayoyi marasa motsi. A karɓi roba daga lab, kada a yi amfani da kwaroron roba na kanti don mai da sinadarin da ke jikinsa suna kashe ƙwayoyin. A tari duka, musamman farkon fita, nan ne ƙwayoyin suka fi yawa, in wani ya zube a faɗa mana, ba abin kunya ba ne. A kawo cikin awa ɗaya, a aljihun da ke jikin mutum, ba a firji ba, ba kuma a gaban mota cikin rana ba. Wanda zai taso daga wata unguwa mai nisa a adaidaita cikin cunkoson safiya ya yi lissafin hanyarsa tun da wuri. Na san wasu na jin nauyin yadda za a fitar da shi ta fuskar addini. Wannan a tambayi malamai, lalura tana da hukuncinta, kuma ana iya yi da taimakon iyali. Sannan gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta haɗu, ga kuma kwanakin da take yi a bututu, kusan wata uku ke nan. Zazzaɓin cizon sauro mai zafi da aka yi a watan jiya yana iya bayyana a takardar yau. Haka kuma duk maganin da aka sha ko tabar da aka bari, sai bayan wata uku ake ganin amfaninsa. Mai cewa zai cika maka maniyyi da ƙwayoyi cikin mako guda, aljihunka yake kallo.

Mafi ƙarancin ma'aunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021, don mai takarda a hannu ya duba: yawan ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 a duka, masu motsi kashi 42 cikin ɗari, masu tafiya gaba kashi 30, masu cikakkiyar siffa kashi 4. E, kashi 4 kacal, kada wanda ya ga 6 ko 10 ya firgita. Kuma waɗannan ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa, akwai waɗanda ke ƙasa da su suna da 'ya'ya.

Akwai wata fuskar garkuwar jiki da ta cancanci a ambata ko a gurguje. Ƙwayoyin haihuwa sai an balaga suke bayyana, lokacin da garkuwar jiki ta riga ta gama sanin nata, don haka baƙi take ɗaukar su. Shi ya sa akwai shinge a cikin marena da ya raba su da jini. Idan rauni, ko tiyata, ko kumburi ya keta shingen, jiki yana iya haɗa sinadaran yaƙi da ƙwayoyinsa na kansa, sai mu gan su a maikuroskof sun manne da juna kai da kai ko wutsiya da wutsiya. Hangum ma in ya kama namiji bayan balaga ya sauka marena yana iya barin tabo. Iyaye su daina ɗaukar sa wasa ga samari.

Malam Edita, duk wannan bayanin mutum sai ya zo gwajin zai amfane shi, kuma yawancin maza ba sa zuwa sai mace ta gama shan wahala. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma sanannen abu ne a likitance cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. Amma a gidajenmu ita ake kira juya. Ita za ta sha jiƙo, ta sha rubutu, a yi mata hoton mahaifa mai zafi da tsada, dangin miji suna harara, shi kuwa gwajinsa da ba allura ba yanka ya gagara. An bar jaki ana dukan taiki. Wani ya ce ai yana da 'ya'ya da uwargida, don haka amarya ce mai matsala. Ɗan autan uwargidan shekararsa nawa? Abin da ya faru a jikinka tsakanin lokacin da yanzu, na cuta ko kumburin jijiya ko ciwon suga, takardar haihuwar yaron ba za ta faɗa maka ba. Ayar Suratus Shura da ta ce Allah Yana sanya wanda Ya so ya zama marar haihuwa ba ta ware mata ba.

Idan kuma an tabbatar cutar saduwa ce, to magani na gida ne gaba ɗaya. Mai mata biyu ko uku duk sai an duba su an ba su, a kuma dakata da saduwa har a gama, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagaya ɗakuna tana dawo masa. Na san faɗar wannan a gida akwai nauyi, amma likitoci sun saba, sun san yadda ake shigar da maganar ba tare da an tona asirin kowa ba. Ma'auratan da suka shekara suna tare ba ciki su je tare, in matar ta haura shekara 35 kada su wuce wata shida, don lokacin da ake ɓatawa ana bin fos sel daga kemis zuwa kemis daga shekarunta ake cire shi. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin mafitsara, su ne masu wannan fanni a ɓangaren maza. Ko da adadin ya ƙi sauka, akwai hanyar wanke maniyyi a lab a raba lafiyayyun ƙwayoyi da fararen ƙwayoyin jini kafin a sanya wa mace.

Roƙona biyu ne. Na farko ga abokan sana'ata da majalisar da ke kula da aikin ɗakunan gwaje-gwaje ta ƙasa: a sauya wannan layin a takardunmu ya koma “zagayayyun ƙwayoyi”, a riƙa ba da adadi a kowace mililita, kuma kada a rubuta fararen ƙwayoyin jini sai an yi feroksides. Ɗakin da ba shi da kayan ya rubuta cewa bai yi ba, ya tura mutum inda ake yi. Na biyu ga NAFDAC da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai: a saurari abin da ake faɗa a tallan maganin sanyi da sitaf da Hausa, musamman shirye-shiryen dare, a nemi masu su kawo hujjar abin da suke iƙirari. Kai kuma Malam Edita, in da hali ka gayyato likitan mafitsara a shafin lafiya ya yi bayanin kumburin jijiyoyin marena, don shi hannu ke gano shi a ɗakin likita, ba ya zuwa teburina.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka mai karatu,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Kano.